Kira Goma Sha Ɗaya na Manaja

2 ga Oktoba

Zuwa ga Injiniyata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da kwamfutocinki. Ni dai alhamdu lillahi. Gwiwa tana nan tana kuka kamar ƙyauren da ba a sa wa mai ba. Kunne kuwa kin san halinsa, in kin kira ni a waya ƙudan zuma nake ji a cikin gwangwani. Shi ya sa na koma takarda. Ki yi haƙuri da rubutun, na kafinta ne da ya bar makaranta a aji huɗu, kuma ranar malamin ya fi kowa murna. Direban da ke kai wa kamfaninku kaya ya ce zai riƙa miƙa miki.

Gwaggonki tana gaishe ki. Tela na tsallaken titi ma yana gaishe ki, ya ce har gobe bai yafe almakashinsa da kika kwance kina 'yar shekara shida ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin tuna akwatin ƙararrawar da kika haɗa wa mamanki lokacin da ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya rufe? Maɓalli a hannunta, akwati a kan kantar falo, ta danna ya yi ƙara, ni kuma in taho ina ɗingishi. Tun daga nan na sa mata suna Manaja. Shekara talatin da huɗu tana kirana da baki ina cewa ina zuwa, ke kika zo kika ba ta ƙararrawa. Ranar da ta rasu, Allah ya jiƙanta, na zare shi daga wuta na tura bayan kabad. Wata biyar ban taɓa shi ba.

Jiya da hantsi maƙwabciyarmu ta sama ta ce ko zan ara mata, surukinta ya kwanta. Na ciro shi, na kakkaɓe, na jona a wuta don in gwada. Jar fitilarsa ta kama. Na murɗa ɗan kunnen sautin nan na gefe, sai ya yi ƙara.

Injiniya, maɓallin yana cikin durowa a ɗakin mamanki. Ɗakin a kulle, makullin a aljihuna.

Ya yi shiru, ya sake. Na tsaya da tsumma a hannu ina ƙirgawa, har sau goma sha ɗaya. Ba zan ɓoye miki ba, a na uku na ji bakina ya ce "Na'am."

Da ya gama sai gilashin fuskarsa ya jero lambobi, layi goma sha ɗaya, kowanne dogo kamar lambar waya. Na ma gwada kiran ɗaya, wata mata ta ce lambar ba ta aiki. Maƙwabciya dai na ce mata ya lalace.

Mene ne waɗannan lambobin? Ke kika haifi abin, ke kika san yarensa.

Babanki,
mai digirin aji huɗu.

11 ga Oktoba

Baba,

Na gaishe ka. Takardarka ta iso, na ji daɗi da kana lafiya. Ni ma lafiya, aiki ne dai. Ka gaishe da Gwaggo da Baba Tela.

Babu abin tsoro. Akwatin yana ajiye kiran da ba a amsa ba, in an sake kunna sautinsa sai ya maimaita su. Tsofaffi ne.

Lambobin kuwa lokaci ne. Kwamfuta ba ta san Litinin ko Talata ba, ba ta san wata ba. Daƙiƙa kawai take ƙirgawa, ɗaya bayan ɗaya, tun daga farkon ranar ɗaya ga Janairu, 1970. Kowane layi adadin daƙiƙoƙin da suka wuce ne daga can zuwa lokacin da aka danna maɓallin. Shi ke nan.

Baba, ka cire shi daga wuta ka jefar. Kada ka aiko mini da lambobin. Ba na so.

'Yarka.

23 ga Oktoba

Injiniya,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta zo, na karanta ta a tsaye don ba ta kai a zauna mata ba. Na taɓa ganin takardar asibiti da ta fi ta fara'a. "Ba na so." To, ranki ya daɗe. Na gane, manyan ma'aikata ba su da lokacin lambobin tsohon kafinta. Ban yi fushi ba, na dai ƙi cin abincin rana don in hukunta ki, sai na ga ni nake shan wahalar.

Amma kin yi kuskure ɗaya, kin faɗa mini yadda abin yake. Ni da na shekara arba'in ina raba katako ba a taɓa dawo mini da ƙofa ba? Na ɗauko guntun katakon filawud da fensir na zauna.

Sittin sau sittin sau ashirin da huɗu, daƙiƙa dubu tamanin da shida da ɗari huɗu ke nan a kwana ɗaya. Layin farko shi ne 1683637927. Na raba, ya ba ni kwana 19,486 da 'yan kai. Na raba wannan da 365, ya ba ni shekara hamsin da uku, saura kwana ɗari da arba'in da ɗaya. Shekarar nan da muke ciki ke nan. Na sauke kalandar bango na bi ta da yatsa, na tsallake kwana ɗari da arba'in da ɗaya cif, yatsana ya sauka a kan ashirin da biyu ga Mayu.

Mamanki ta rasu ran tara ga Mayu.

Sau uku na sake. Na kai wa Tela filawud ɗin ban ce masa ko na mene ne ba, ya duba da wayarsa ya ce rabawata ba ta da aibu, ya tambaye ni ko fili zan saya a sama. Sauran layi goman ma duk a rana ɗaya suka faɗa.

Na san ranar. Ita ce ranar da gwaggonki ta tattara kayanta ta koma gidanta, gida ya rage ni kaɗai. Da rana na shiga ɗakin mamanki na zauna a bakin gado ina ninke mata zannuwa. Durowar tana nan kusa da gwiwata, in na miƙa hannu zan taɓa ta. Na tuna ɗakin ya cika da ƙamshin man da nake shafa mata a ƙafa, alhali kwalbar a rufe take. Na ce hancina ne. Ashe ina zaune a nan ana danna abin a cikin durowa, akwatin yana bayan kabad ba wuta, yana dai rubutawa.

Kada ki ce mini ba a yin haka. Na sani, na ji wa'azi. Amma lissafi ne, kuma naki ne, ba nawa ba.

Gashin jikina ya tashi, har yanzu bai gama kwanciya ba. Sai dai zan faɗa miki wani abu, ki ajiye shi a matsayin shirmen tsoho. Da yatsana ya wuce tara ga wata bai tsaya ba, sai da na yi ajiyar zuciya. Akwai ranar da na fi tsoron lissafin ya faɗa a kai.

Babanki,
farfesan filawud.

6 ga Nuwamba

Injiniya,

Ina gaisuwa. Sau biyu direba yana zuwa hannu rabbana. Na ce ko ya yi amfani da takardarki ya goge gilashi, ya rantse ba ki ba shi komai ba. Allah ya sa lafiya.

Ni lafiyata ƙalau, kada ki saurari gwaggonki. Ta zo ta ce na rame kamar maratayin kaya. Na ce ai ado ne, samari kuɗi suke kashewa su zama haka.

Ban jefar da akwatin ba. Na mayar da shi kan kantarsa, na murɗa sautin har ƙarshe. Maɓallin na ciro shi daga durowa na ɗora a kan matashinta, ta ɓangaren hannun da ke motsi, don kada ta sha wahalar nema. Ƙofar ɗakin a buɗe nake barinta yanzu. Ina zama a falo, a kujerar da ke kallon jar fitilar.

Bai sake ƙara ba tukuna. Amma wajen ƙarfe biyu na rana, lokacin da titi yake yin tsit, gidan yana canzawa. Firji ya ɗauke. Agogon bango ya ƙara murya. Sai in ji kamar ana jan numfashi za a yi magana, irin yadda take yi in tana neman kalma ta ƙi zuwa. Shekaranjiya na leƙa na ga matashin ya lotsa a tsakiya. Wataƙila haka yake tun da, shekara biyu kanta yana wurin. Ban daidaita shi ba.

Tela ya ƙwanƙwasa sau huɗu, ya ce bencin shagonsa ya yi sanyi, babu mai yi wa 'yan hira ƙarya. Ta taga na amsa masa. Ba na fita, Injiniya. Ko shagon kusurwa ba na zuwa, maƙwabciya ke sayo mini burodi. In ta sake kira, wannan karon za ta same ni.

Ki rubuto, ko layi ɗaya ne irin naki na asibiti.

Babanki.

15 ga Nuwamba

Baba,

Na gaishe ka. Takardunka biyu suna hannuna tun tuni, laifin ba na direba ba ne. Na yi ta ɗaukar biro ina ajiyewa. Jiya Gwaggo ta kira ni tana kuka, ta ce kana magana da ɗaki. Shi ya sa dole in rubuta abin da ban so rubutawa ba.

Rabawarka daidai ce. Abu ɗaya ka manta. Ba kowace shekara ce ke da kwana 365 ba. Duk shekara huɗu Fabrairu yana yin kwana ashirin da tara. Daga 1970 zuwa bana an yi haka sau goma sha uku. Kai ba ka cire su ba, sai suka tura ka gaba da kwana goma sha uku. Ka koma kan kalandarka, ka ja yatsanka baya.

Tara ga Mayu ne, Baba. Talata.

Da agogon gidanmu, kiran farko ƙarfe biyu da minti goma sha biyu ne na rana. Na ƙarshe, 1683640700, uku saura minti biyu. Minti arba'in da shida tsakaninsu.

Babu wanda ke cikin ɗakin nan. Mama ba ta kira ka bayan ta tafi ba. Tana da rai ta kira.

Ba na tambayarka komai. Ka ce mini kana gefenta riƙe da hannunta barci ya ɗauke ta, na kuma karɓa. Wataƙila ka fita tsakar gida ne, kunnenka bai ji ba. Mu bar shi a haka.

Don Allah ka ci abinci. Ka fita ka zauna da mutane.

'Yarka.

27 ga Nuwamba

'Yata,

Ina gaisuwa. Na nemi abin dariyar da zan buɗe takardar nan da shi, na duba duk aljihuna, babu.

Na ja yatsana baya. Ashe Fabrairu ne ya yi mini fatalwa. Mutum ya shekara sittin da bakwai a duniya, wata mafi gajarta ya kayar da shi. Da na kai aji biyar wataƙila da an koya mana.

Na gode da kunnen da kika ara mini in ɓuya a bayansa. Ba zan karɓa ba. Ƙararrawar nan ko kurma yana jinta a ƙirjinsa. Ba kunnena ba ne, hannuna ne.

Ranar tun asuba take dannawa. Ruwa. Na kawo, ba ta sha ba. Matashi. Na gyara. Labule, na ja, ta sake dannawa, na mayar. Wani kiran in na zo babu abin da take so, kallona kawai za ta yi da idon nan guda mai rai. Shekara biyu haka, Injiniya, ban taɓa yin tsaki ta ji ba. Ranar bayan na ba ta abincin rana na tsaya a falo na dubi akwatin. Na ce minti goma sha biyar kawai. Na murɗa kunnen sautin har ya mutu, na sa takalmi na tsallaka titi.

Kin san abin da nake yi a shagon Tela? Kwaikwayon ƙararrawar nake yi musu. In ce "tin-tin," in zabura in ƙame kamar soja in ce "Manaja, ga ni!" Mai gyaran rediyo har da faɗowa daga benci. Aka ce in sake, na sake. Rabon da in ji mutane suna dariya saboda ni an daɗe, sai na zauna. Daga inda nake ina hango tagar ɗakinta. Labulen bai motsa ba, na ce barci take.

Sai wajen ƙarfe huɗu na shigo. Na ga jar fitilar a kunne tun daga ƙofa, alamar an kira ba a amsa ba.

Abin da na faɗa miki a waya ranar, da abin da na faɗa wa gwaggonki da likita, ni na ƙera shi, kuma ya fi duk wata ƙofa da na taɓa yi kyau. Har ni na fara shiga ta ciki. Da akwatin ya yi ƙara na san ko na yaushe ne, cikina ya sani. Shi ya sa da filawud ya ba ni wata rana na rungume ta. Gara mini matacciya tana nemana da mai rai ta neme ni ba na nan.

Ki yi yadda kika ga dama da ni. In kin ce kada in sake rubutowa, zan bari.

Sai dai abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Layin farko kaɗai na aiko miki. Na ɗauki takardarki na je gaban akwatin na gwada lambar ƙarshe da kika rubuta, ƙwaya bayan ƙwaya. Ko ɗaya ba ki kuskure ba. A ina kika gan ta?

Babanki.

6 ga Disamba

Baba,

Na gaishe ka.

A wayata na gan ta. Tana nan har yanzu, duka goma sha ɗayan. Na haddace su.

Da na haɗa akwatin ban faɗa maka duka aikinsa ba. Duk lokacin da Mama ta danna, saƙo yana zuwa mini, in ka amsa wani ya biyo baya. Na yi haka ne don in wani abu ya same ka in sani, in kira Baba Tela ya leƙa. Watannin farko kowane saƙo sai gabana ya faɗi. Daga baya ya zama talatin a rana, arba'in, a tsakiyar taro, a cikin mota. Kullum kana amsawa kafin minti biyu. Sai na rufe wa saƙon baki. Na ce na mako ɗaya ne. Wata takwas ya yi a rufe.

Ranar ina zaune a teburina, wayar tana kife kusa da gwiwar hannuna. Ba wani babban aiki nake yi ba. Sai da ka kira ni da yamma, na ajiye, sannan na buɗe na gan su a jere, babu amsa ko ɗaya. Lambar Baba Tela tana cikin wayar nan. Tsallaka titi kawai za ka yi.

Don haka bayan ka faɗa mini kana riƙe da hannunta, kafin awa ɗaya na san ba haka ba ne. Na yi shiru, don in na tambaye ka ina kake, sai ka tambaye ni yadda na sani. Abin da ya hana ni zuwa gida tun bayan makoki ke nan, ba aiki ba. Rabin zuciyata tana fushi da kai, rabin tana tsoron ka dube ni ka gane.

Kada ka daina rubutowa.

'Yarka.

11 ga Disamba

Injiniyata,

Ina gaishe ki, ina kuma sa miki albarka. Ki karanta wannan layin sau biyu, don ba kuskuren aji huɗu ba ne.

Na ci abinci. Na fita har bakin titi, ban dai tsallaka ba tukuna. Tela ya ɗago mini hannu, na ɗaga masa.

Wato wata bakwai ina yi miki ƙarya kina sani, kina yi mini shiru ban sani ba. Da mamanki tana da baki da ta ce barewa ba ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe ba. Kowa ya murɗe nasa kunnen, uba da hannu, 'ya da ilimi.

Na so in yi miki rabon kafinta, minti arba'in da shida gida biyu, kowa ya ɗauki ashirin da uku. Na duba na ga ba zai yiwu ba. Ke kina nisan kwana biyu a mota, ni ina nisan taku talatin. Ke tsaro kika ƙara a kan aikina, aikin kuwa nawa ne. Ki ba ni kaso mai yawa, ƙashina ya saba da kaya. Ɗan abin da ya rage ba zan ce ki yar ba, na san ba ya yaruwa. Likita ya ce ko ina nan wataƙila da ba ta canza ba. Wataƙila. Amma da ta ga mutum.

Saura abu ɗaya da ban faɗa wa kowa ba, kuma ba ya cikin lambobinki. Da na shiga ɗakin, fuskarta tana kallon ƙofa. Maɓallin yana cikin tafin hannunta, babban yatsanta a kansa. Na ja, ya ƙi fitowa. Sai da na durƙusa na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ina ba ta haƙuri a kan kowanne, kamar wanda ya makara wurin aiki. A nan ne na riƙe hannunta. Wannan ɓangaren na labarin gaskiya ne, lokacin ne kawai na matsar.

Yanzu mu biyu muka sani, kuma ya yi wa mutum ɗaya nauyi a gida ɗaya. Ni ba ni da ƙararrawa, takardar nan ce kawai. Ki zo gida.

Babanki.